Sai Ta Hannun Baba Mainasara

Nu'uman malamin dabbobi ne, kullum yana kan babur tsakanin Sandamu da Baure yana yi wa shanu allura. Iyalinsa kuwa suna Daura, a ɗaki biyu na haya. Da ya sayar da gonarsa ta Zango, sai ya ga lokacin mallakar gida ya yi. Ko fili bai taɓa saya ba, kuma ba abin da yake tsoro kamar gidan gado. Wani abokin aikinsa ya sayi irinsa, har ya tare, sai ga wata 'yar mamacin ta ɓullo daga Nijar ta ce ba da ita aka yi rabo ba. Har yau suna zarya a kotun shari'a.

Dillalai biyu ya tuntuɓa. Kalilu, wani matashi mai rumfa a bakin tasha, ya ce shi ba ya ɗaure kowa.

"Ka je wurin duk wanda ka ga dama. Wanda ya samo maka gida shi ke da la'ada."

Na biyun Baba Mainasara ne, aminin marigayi mahaifinsa. Tsohon ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Ɗana, wanda bai ɗaure ka ba, shi ma bai ɗaure kansa ba. Ranar da rigima ta taso, ka neme shi ka rasa. Ni sai na bi asalin gida har kan kakanni kafin in ce ka saya. Sharaɗina ɗaya ne: daga yanzu zuwa kaka, ba ka saye ta hannun kowa sai nawa."

Da Nu'uman ya gaya wa matarsa Haulatu, ta ce, "Malam, ɗaurin nan bai yi tsauri ba?"

"Baba ne fa. Shi ya karɓa mini aurenki."

Aka rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa da shaidu, aka shafa fatiha.

Da farko abin ya tafi daidai. Gidan da suka fara gani, Mainasara da kansa ya hana, ya ce akwai magajin da bai yarda ba. Na biyu ya fi ƙarfin Nu'uman. Na uku yana bayan gari, cikin kwari, daf da wani kududdufi. Haulatu ta dubi inda ruwan bara ya bar shaida a jikin katanga, ta ja mayafinta ta fita. Mainasara ya ce ya bincika, gidan ba shi da rigima, amma su dakata, akwai wanda ya fi shi.

Ba a yi mako ba ya yanke jiki ya faɗi a masallaci bayan la'asar. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana sai da ƙyar.

A tsakanin nan Alhaji Dabo, mai gidan da suke haya, ya tare Nu'uman a ƙofa. Ya ce ɗansa Yazid zai yi aure bayan babbar sallah, tun kafin kaka, kuma ɗakunan nan ne za a kai amarya. Ya ba da haƙuri sosai, amma bai ƙara ko kwana ɗaya ba.

Haulatu ce ta ji labarin wani gida a wurin maƙwabciyarsu Georgina, mai shagon kayan ɗinki. Gida ne a kan tudu, da rijiya, da bishiyar darbejiya a tsakar gida, ga makarantar yara kusa. A hannun Kalilu yake.

Kalilu ya girgiza kai tun Nu'uman bai rufe baki ba. "Da Baba na tsaye, da sai mu zauna mu daidaita. Amma yana kwance in shiga cinikinsa? Gobe ba dillalin da zai amsa sallamata a Daura. Ka je ya sake ka da bakinsa."

Mai unguwa ya ce shi shaida ne kawai, ba shi ya ƙulla ba. In ana son a warware ba da yardar mai ita ba, sai dai alƙali. Nu'uman ya yi tunanin ɗan aiken kotu yana sallama a ƙofar mutumin da ake juyawa a kan tabarma, sai ya tashi ya yi godiya.

Ya shirya maganarsa tsaf a hanya, ya nufi gidan Mainasara. Inna Zubaida, matar tsohon, ta tarbe shi a zaure.

"Malam, ga ɗanka ya zo," ta ce. Ta juyo wurin Nu'uman. "Tun da ya kwanta duk masu cinikin suka watse. Kai kaɗai ke leƙo mu."

Mainasara ya miƙo hannun hagu ya damƙe nasa. Ya daɗe yana kokawa da harshe kafin ya ce, "Gida... ina sane... in na tashi."

Nu'uman ya ce, "Allah ya ba da lafiya, Baba." Ya zauna, ya sha ruwan da aka kawo masa, ya tashi ya tafi da maganarsa a cikinsa.

Haulatu ta ce tun da kunya ta hana shi, ita za ta je, ai kunya ba ta rufa wa yara ɗaki. Ta je da hantsi. Ta tarar Inna Zubaida na ba tsohon koko a cokali, rabi na komawa kan gemu tana sharewa. Ta karɓi kofin ta taya ta. Ita ma haka ta dawo da maganarta a cikinta.

Gidan darbejiya ya tafi hannun wani ɗan kasuwa. Masu fentin Alhaji Dabo suka fara jibge bokitai a ƙofar ɗakinsu. Gida ɗaya ne ya rage da za a iya saya ta hannun Mainasara, wato na cikin kwari, wanda ya gama bincikensa kafin ya faɗi.

A zauren tsohon aka yi cinikin. Aka jingina shi da matashin kai, aka shafa wa babban yatsansa na hagu tawada, ya dangwala. Ya yi ta kallon mutane ɗaya bayan ɗaya, ido na ruwa, Inna Zubaida na sa albarka daga bayan labule.

Sun tare ana tsakiyar damina. Ruwan farko mai ƙarfi ya cika kududdufin, ya biyo ta ƙarƙashin ƙyaure har bakin madafa. Haulatu ta ɗora yara da buhun gero a kan gado, Nu'uman ya naɗe ƙafar wando yana jera buhunan yashi a ƙofa. Haka suka riƙa yi duk sanda hadari ya haɗo daga gabas. In yana rugar Fulani ya ga gari ya yi baƙi, sai ya tattara allurai ya kamo hanya.

Ran wata Juma'a ya biya gaida Mainasara. Bakin ya ɗan saki.

"Gidan... ya yi?"

"Ya yi, Baba."

Tsohon ya lumshe ido yana murmushi da rabin fuska. Nu'uman ya leƙa ta ƙofar zaure ya dubi sama, ya ce zai koma, yara su kaɗai ne da uwarsu.