Tashar Malam Sada

"Ka ɓata mani su, Tanko." Malam Sada ya jera ginshiƙan katakon a kan tabarma, ya bi kawunansu da ɗan yatsa. "Duk kai ɗaya ka yanka."

"To da yaya za a yanka? Ginshiƙan gini ka ce. Na ga awon da ka ba ni kowane da tsawonsa, na ɗauka hannunka ne ya yi rawa, na gyara maka."

"Hannuna shina rawa. Kaina bai fara ba tukuna."

Raina ya ɓaci. Tun ina yaro nake kafinta a Ƙofar Kwaya, ban taɓa yin kujerar da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya ba. Ranar kuma tun safe nake fama da ƙyauren wani shago, bayana kamar an dake shi. Na fara tattara kayana.

"Zauna," ya ce. "Leƙa nan."

Akwati ne a kan teburinsa na zane, tsawonsa bai kai na ƙyauren ɗaki ba. Gaba da faɗi, baya a tsuke. Daɓen ciki yana hawa, rufin yana sauka, kai ka ce wanda ya haɗa shi bai taɓa riƙe sikwayar awon kusurwa ba. A gaban ya huda ƙofa ɗaya daidai ido. Ya ɗauko wasu ginshiƙai na kwali da ya yanka da almakashi, babba a gaba, ƙarami a baya, na ƙarshe bai fi tsinken ashana ba. Ya jera su. Na sunkuya na sa ido.

Wallahi sai na ga hanya ta miƙe. Abin da na san hannuna zai taɓo ƙarshensa, sai ga shi kamar daga nan zuwa hasumiyar Gobarau. Na ɗago na dubi akwatin ta gefe, karkatacce kamar da. Na sake leƙawa, hanya.

"Yaudarar ido ce," na ce.

"Ita ce aikin. Gobe ka yanko su yadda na rubuta."

Malam Sada maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Zanen gine-gine ya yi a ma'aikatar ayyuka har ya yi ritaya. Yana saurayi gwamnati ta tura shi kwas Landan, ya yi 'yan watanni ya dawo. Bai dawo da Turancin hanci ba, bai dawo da kwat ba. Abu guda ya maƙale mashi: tashar jirgin da ke tafiya ƙarƙashin ƙasa. Shekara da shekaru bai cika zancenta ba. Sai da likita ya ce zuciyarsa ta kumbura, ƙafafunsa suka fara tara ruwa, sannan ya ce shi sai ya gina ta ya gan ta da idonsa kafin ya tafi.

Na ce mashi, "Malam, ƙarƙashin ƙasa ai duk can muka nufa. Gaggawar mi kake?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Matarsa, Hajiya Furera, ba ta yi ba. Ta aje mashi ruwa da ƙarfi, ta ce, "Ku dai kun iske juna. Tsoho da wasan yara, maƙwabci da baƙar magana."

Ba ta son akwatin nan ko kaɗan. Warin gam yana sa ta ciwon kai. Gutsattsarin kwali har cikin tukunya. Mata in sun shigo dubiya sai su yi ta satar kallonsa, su fita su ce Malam ya fara ruɗewa. Ta taɓa tare ni a zaure ta ce, "Malam Tanko, don girman Allah ka daina biye mashi. Mutum a wanga hali carbi ya kamata shi riƙe." Na ce mata carbin na hannunsa na hagu, ban taɓa ganin ya aje ba. Gaskiya ce kuwa.

Ni ma ba don ina so nake zuwa ba. In na tashi daga shago bayan la'asar abin da jikina ke nema tabarma ce. Amma sai in ji ƙwanƙwasa a katanga, da sandarsa. In na yi kamar ban ji ba ya ƙara.

Da farko shi ke yi, ni yanka kawai. Layin dogon da wayoyin ƙafar keke ya yi shi, suna matsowa kusa da juna har su kusa haɗewa a baya, a bakin ramin da jirgi ke fitowa. Taragon gaba da gwangwanin madara. Bangon ya zana mashi tayil ɗaya bayan ɗaya da bakin alƙalami, na gaba kamar farcen babban yatsa, na baya kamar ƙwayar gero. Fentin ma haka: gaba da haske, baya ya dushe. Daga baya alƙalamin ya fara faɗuwa daga hannunsa. Sai ya koma yana kujera yana ba da umarni, ni da yatsuna masu kanta ina manna benci ƙarami kamar ƙwayar shinkafa.

"Hagu. Hagu na ce, Tanko. Kai wace makaranta ka yi?"

"Wadda ta koya mani in bar aiki in mai shi ya cika surutu."

"To bari mana."

Ban bari ba. Shi ma ya san ba zan bari ba.

Mutane ne kawai bai sa a ciki ba. Na tambaye shi, ya ce ba zai yi mutum-mutumi a ɗakin da yake sallah ba. "Kuma ranar da na fi tunawa, na sauko tashar, jirgi ya riga ya tahi da kowa. Ni kaɗai a wurin. Ba wanda ya san ɗan wa nike, ba wanda zan gaida. Ban taɓa hutawa irin ta ranan ba."

Ranar wata Talata na saka ƙananan fitilun da na ciro daga tocilan 'yan caji, na haɗa da batir, suka kama. An gama. Sai dai kwana biyu ke nan Malam bai sauka daga katifa ba. An sauke katifar ƙasa, an juya shi kan hannun dama yana fuskantar alƙibla, yadda yayan Hajiya, Alhaji Yahaya, ya ce a yi. Ƙofar leƙen kuwa tana can sama, daidai idon mai zaune a kujera.

Muka gwada ɗaga shi, ni da 'yarsa Ramla. Kafin mu kai shi zaune numfashinsa ya ɗauke, leɓɓansa suka canza. Muka mayar da shi da sauri.

"Ya isa," in ji Hajiya. "Ku ƙyale mani miji."

Daga inda yake kwance gefen akwatin kawai yake gani, filawud da kawunan ƙusa. Ya dai yi ta kallonsa.

Na fita tsakar gida. Ban zo da tef ɗin awo ba. Na ga karan dawa a jikin danga na zaro ɗaya, na koma ɗaki na durƙusa a gabansa, na kafa shi a ƙasa kusa da fuskarsa.

Sai na ji kwano ya faɗi a bayana.

"Innalillahi! Malam Tanko! Da ransa?" Hajiya ce a bakin ƙofa, hannu a ka. Ramla ta fashe da kuka.

Sai a lokacin na dubi abin da ke hannuna. Kara ne, irin wanda ake auna mamaci da shi a kai wa masu haƙa. Ni tunanina yana kan katako. Na kasa yar da shi.

Kafaɗar Malam ta fara motsi. Dariya yake, ba sauti.

"Furera," ya ce, da ƙyar. "A tsaye ya riƙe shi. Na can a kwance ake aunawa. Ido shike nema."

Na sa farce na yi alama a jikin karan daidai idonsa. Na ce, "Hajiya, ƙafafun teburin nan zan yanke."

"Ka aje mashi wanga abu tsakaninsa da alƙibla? In Yaya ya shigo mi zan ce?"

"Ki ce ni na yi. Ya san gidana."

Ta dubi mijinta. Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta sunkuya ta ɗauke kwanon, ta ce, "Ya tahi masallaci. Ka yi sauri."

Muka sauke akwatin, na kifa teburin a tsakar gida. Tebur ne na maɗaci, tun zamanin aikinsa, da kyau kamar ba a taɓa amfani da shi ba. Zarto na ci ina jin abin a haƙorana. Na bar wa ƙafafun abin da bai wuce taƙi ɗaya ba. Muka shigo da shi, muka ɗora akwatin, muka turo har ƙofar leƙen ta zo gaban fuskarsa. Na kunna fitilun. Ramla ta saki labule.

Ya rufe ido ɗaya.

Ana jin mai rake yana wucewa a lungu da baronsa. Na zuba wa fuskarsa ido in ga ko awona ya yi daidai. Ba na iya ganewa.

Can ya ce, "Ta yi nisa."

"Nisan ya yi yawa?"

"A'a. Haka take." Ya ja numfashi. "Saura iska. Kahin jirgi shi iso, iska ka fara zuwa daga cikin ramin. Mai ɗumi. Sai ka ji ta a fuska."

Na fara tunanin inda zan samo 'yar fanka. Hajiya ba ta yi tunani ba. Ta ɗauki maficinta ta zagaya bayan akwatin ta durƙusa, tana fifita a hankali ta saman rufin. Gashin girarsa ya motsa.

"Ya iso?" ta ce.

"Shina tahe."

Ta ci gaba da fifita har muka ji sallamar Alhaji Yahaya a zaure. Muka ja akwatin jikin bango, Ramla ta rufa mashi zane. Alhaji ya shigo ya dubi guntun teburin, ya dube ni, ya zauna ya fara karatu. Bai tambaya ba.

Malam Sada ya cika washegari bayan azahar. Da aka nemi wanda zai yi awo, na ce a sa wani. Kafin la'asar mun kai shi mun dawo.

Ɗakin ana buƙatarsa don masu gaisuwa. Hajiya ta aiko Ramla ta ce in zo in ɗauke akwatin. Ba ta ce in adana ba, ba ta ce in fasa ba. Na kai shi shago na ɗora a kan wani tsohon kabad, bayan tarin katako. Masu zuwa suna tambaya ko kejin zabbi ne ya karkace mani. In ce masu e.

Jiya da rana aiki ya yi sanyi, na share ƙurar da ke gaban, na leƙa. Batir ya mutu, sai hasken da ke shiga ta wata tsaga a rufin. Wata tururuwa tana tafiya a kan dakalin tashar. A gaba ba ta kai ƙafar benci ba. Tana yin ciki tana girma, ta wuce ginshiƙai ɗaya bayan ɗaya, har ta kai bakin ramin ta cika shi. Ta tsaya nan tana motsa ƙahonninta, sannan ta shige.