Na'urar da Inna Mai Waya Ta Koya wa Barci

"Riƙe min nan, kar ki motsa," in ji Inna Mai Waya.

Na danne siririyar wayar da farce, ta kawo ƙarfen narka dalma. Sau uku tana kuskure wurin, a na huɗu ta dace.

"Ke da kike huda jijiyar jarirai, waya ce za ta sa ki gumi?"

"Jariri ba ya ƙona yatsa, Inna."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Shekara tara ƙofarmu na kallon tata. Ni nas ce a ƙaramin asibitin unguwa, ita kuma injiniyar kwamfuta ce da ta yi ritaya tun ban gama makaranta ba. Ɗakinta cike yake da gwangwanayen madara, kowanne maƙil da tarkacen waya, shi ya sa 'yan unguwa suka laƙa mata sunan.

Wata biyu kafin wannan rana na shigo mata ina kuka. An ɗauke wuta ranar Asabar, ba kowa a asibiti, firjinmu ya ɗumame, alluran rigakafin yara ɗari da ashirin suka lalace. Ranar Litinin ni na tsaya a bakin ƙofa ina ba iyaye mata haƙuri.

Sai da na gama ta ce, "Firjin nan baki yake buƙata. In ya ji zafi ya kira ki."

Abin da muke haɗawa ke nan: faranti kore, bai kai tafin hannu ba, da 'yar baƙar ƙwaƙwalwa a tsakiya kamar ƙwayar wake. Batir ne matsalar. Na farko da ta haɗa, kwana huɗu ya shanye nasa.

"Haɗama ce ta yi masa yawa," ta ce tana goge baki. "Ai ba laifinsa ba ne, namu ne. Lokacin da na fara aiki, kwamfuta ɗaya ta cika ɗaki uku irin wannan. Ki huda umarninki a jikin katuna, ki miƙa ta taga, ki dawo gobe. Ki kuskure waƙafi ɗaya, ki sake bin layi. Aiki ɗaya tak take iyawa. Daga baya aka rubuta mata babbar manhaja mai rabon aiki, kamar uwa mai raba abinci: wannan ya samu, wancan ya samu, kowa na zaton shi ne ɗan lele. Shekara arba'in muna koya wa injuna gudu. Yanzu da tsufana ga ni ina koya wa wannan barci."

Dabarar ita ce ƙwaƙwalwar ta riƙa barci. Duk minti biyar ta buɗe ido, ta ji sanyin firjin, ta koma. In ta ji zafi ne kawai za ta tashi ɓangaren da ke aika saƙo.

Tana magana ina kallon ƙafafunta. Sun kumbura har silifas ya daina shiga, numfashinta kamar mai hawan bene. Ni na kira ɗanta, malamin lissafi a wani gari, ban gaya mata ba. Washegari da hantsi ya iso.

"Inna, ki tashi mu tafi asibiti."

"Ka ba ni kwana biyu. Saura layi talatin in gama rubuta manhajar na'urar."

Ya juyo gare ni. "Yaya Nas, don Allah ki gaya mata gaskiya."

Na ce, "Inna, zuciyar ta gaji. Kwana biyun nan ban da tabbacinsu a ɗakin nan."

Ta harare ni. "Ashe munafukin yana tsallaken ƙofa." Sannan ta nuna kwamfutarta da haɓa. "To ka ɗauko ta. In ba ita, ba ni."

A gadon babban asibiti ta ƙarasa rubutun. Tana faɗa ido a rufe, shi yana bugawa da yatsa biyu.

"Wai kai kake koyar da lissafi? Rufe bakan da ka buɗe a layin nan!"

Ranar Talata na liƙa na'urar a jikin firji, na zura mata 'yar wayar jin sanyi ciki. Ranar Alhamis da la'asar na je duba Inna. Muryarta ta dusashe, sai da na kai kunne.

"Batirin fa?"

"Ko gezau, Inna. Na auna yadda kika nuna min. Kamar yanzu aka sa shi."

"To ya iya barci," ta ce. Ta nemi ruwa, ɗanta ya ba ta cokali biyu. Tana riƙe da hannunsa ta cika, rana ba ta faɗi ba.

Da ya zo kwashe kayanta ya tarar da littafi a ƙarƙashin filo. Ta rubuta yadda ake haɗa na'urar daki-daki, da manyan haruffa, har da zane. Ya ce zai kai wa ɗalibansa masu son harkar, don asibitoci biyu sun riga sun tambaye ni.

Sati uku bayan rasuwarta, ranar Lahadi da rana, ina kasuwa ina cinikin albasa wayata ta yi ƙara. Na duba. "Nas, ina jin zafi. Ki bar abin da kike yi ki zo."

Inna ce ta tsara kalmomin, ban taɓa sani ba. Mai albasa ya ga ina dariya hawaye na zuba, ya ce, "Baiwar Allah, lafiya?" Na bar masa kwandon na tari mota. Na tarar an ɗauke wuta tun safe. Na kwashe alluran na zuba a akwatin ƙanƙara, kwalaben da sauran sanyinsu a tafin hannuna.

Ranar Litinin ba wadda na mayar gida. Ta ƙarshe a layi jaririya ce 'yar sati goma. Ta callara ƙara sau ɗaya, uwar na jijjiga ta. Daidai nan aka dawo da wuta, fankar sama ta fara juyawa a hankali. Yarinyar ta yi tsit, hawaye a kumatu, ta zuba wa fankar ido.