Layin da Ya Huce

Ƙanena, wanda mutanen layinmu ke kira Kiftawa, shekarunsa talatin da takwas, da mata da 'ya'ya uku da wayoyi uku. Ni na koya masa yankan gilashi, kuma a shagona yake neman abincinsa. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Tun da ya faɗa kasuwar canjin kuɗi ta waya, ba ya buɗe baki sai ya ce kafin kiftawar ido an ci riba. Wai ka sayi kuɗin wata ƙasa, bayan minti ɗaya ka sayar, ka wafci ɗan abin da ya hau kai, ka koma. Sau hamsin a yini. Na ce masa kaza ma haka take kiwo, ban taɓa ganin ta gina gida ba.

Abin haushin, bai ma fara ba. Mako biyar ya yi yana gwada manhajoji uku, kowace a wayarta, don ya ga wadda zai zuba kuɗinsa. Ya yi mini bayani har kunnena ya ƙoshi. Ta farko akwai sauri, amma duk shiga da fita sai ta yanki la'ada. Ta biyu ba ta karɓar la'ada, sai dai tsakanin farashin saye da na sayarwa akwai tazara, a nan take cin nata. Ta uku ta fi araha, amma da kasuwa ta motsa sai ta daskare, ka danna a wani farashi ta ba ka a wani. Duk wannan da kuɗin gwaji na cikin manhaja yake yi, kuɗin da ko allura ba su saye. Ya jera wayoyin a gefen teburin yanka, a kan bargon da muke kwantar da gilashi, yana danna biyu da manyan yatsu, ta ukun da ɗan yatsa.

A watan nan gilashi biyu ya ɓata mini. A gaban mahaifiyarmu na faɗa masa cewa na uku, zai ajiye abin yanka ya nemi wani wurin. Ta ce ɗan'uwa rabin jiki ne. Na ce to rabin nan ya shanye.

Ranar Laraba mai shagon magani na tsallaken titi yana jiran gilashin gaban shagonsa ƙarfe huɗu. Babba ne mai kauri, kuma shi kaɗai ya rage mana. Gaskiya ɗaya ce, hannun Kiftawa ya fi nawa tsayuwa, don haka shi na ba yankan. Muka kwantar, muka goge, muka auna sau biyu. Sai ga mai maganin a bakin ƙofa yana tambayar ko za mu kawo da kusoshi. Na fita muka tsaya magana. Ina ji daga ciki abin yanka ya bi rula, ƙiiii, tsaf, ja ɗaya. Na kasa kunne in ji ƙarar ɓallewa. Ban ji ba. Wayoyi na ji suna kuka.

Duk wanda ya yi sati a sana'ar nan ya san dokar. Ka ja layi, ka ɓalle nan take tun yana da zafi. In ka bar shi ya huce, gilashi ya manta da layin, ya bi son ransa. Kuma ba a maimaita ja a kan layi ɗaya.

Mai maganin bai sake ni ba sai da ya ba ni labarin ciwon bayansa kaf. Da na shigo na tarar da Kiftawa ya duƙa a kan wayoyi, fuska kamar mai jiran haihuwa.

“Tun yaushe ka ja layin nan?”

“Yanzun nan, Yaya. Wani labari ne ya fito, farashi ya yi tsalle. Irin wannan lokacin ake gane ta ƙwarai.”

Agogon bango ya ce minti ashirin da biyar. Kafin in kai gare shi ya ɗauki abin yanka, don kunya, ya sake bin layin. Ya sa hannu ya danna. Tsagar ta bi layi kamar taku ɗaya, sannan ta karkace ta nufi kusurwa, ta raba gilashin gida biyu marasa amfani.

Ɗaya daga cikin wayoyin ta sake yin ƙara, kuma wallahi sai da idonsa ya je can.

“Wacce ta ci?” na tambaye shi.

Ya ɗauka da gaske nake. Ya ce ta biyun, ta riga sauran da rabin daƙiƙa, kuma ba ta daskare ba.

“Mutumin da ya san darajar rabin daƙiƙa,” na ce, “shi ya bar mini layi minti ashirin da biyar. Miƙo.”

Ya miƙo abin yanka. Na goge kananzirin da muke shafa wa bakin abin yankan, na sa a aljihu. Ya ce 'ya'yansa fa? Na ce su ya kamata ya tuna kafin ya fara gwajin. Na tsallaka titi na ba mai magani haƙuri sai jibi, ya ce in ya wuce jibi zai nemi wani.

Da na dawo ya tattara wayoyinsa da cajojinsa a leda, yana tsaye a bakin ƙofa yana sosa ƙeya. Na ɗauka haƙuri zai bayar, har na fara tunanin abin da zan ce wa mahaifiyarmu in na sassauta.

“Yaya,” ya ce, “ko zan riƙa zuwa ina zama a bencin waje? Sabis ɗin nan ya fi na gida ƙarfi.”

Na shigar da bencin ciki.