Humrar Iya Makka

A Abeshe, can ƙasar Wadai, idan mace ba ta ƙamshi, to ɗayan biyu ne: ko takaba take yi, ko talauci ya gama da ita. Ni kuwa a gidan da ƙamshin unguwa yake fitowa aka haife ni. Uwata, Iya Makka, ita ce mai haɗa humra da turaren wuta, sana'ar da ta gada wurin tata uwar. Ba amaryar da za a kai ɗaki ba ta zauna a kan ramin hayaƙinta ba, ba sunan da za a yi ba a ari kaskonta ba, haka kuma ba mamacin da za a sa a likkafani ba a aiko an karɓi turare a hannunta ba. Na mamata kyauta take bayarwa. Takan ce wanda zai gamu da Ubangijinsa ba ya tafiya haka nan kamar wanda aka kora.

Tata ma ta tanada. Akwai wata baƙar kwalba a ƙasan akwatinta, wadda ta haɗa da sandal da miski da farcen turaren da ta soya da hannunta, ta toshe bakinta da tsumma, ta bar ta tana tsufa. Ina yarinya na taɓa kai hannu, ta doke shi.

"Hapsita, wannan ba ta masu rai ba ce. Tawa ce, ta ranar tafiyata."

Ƙamshi ya riga ya ci jikin Iya. Tun tana ƙofar gida ake sanin ta dawo. Ni kaɗai ta haifa, kuma a cikin laffayarta na girma, don haka ban taɓa raba uwata da wannan ƙamshin ba.

Ciwon ɓarin kai ya kama ni tun ina budurwa. Wanda bai taɓa yi ba zai ce ai ciwon kai ne, a sha magani a kwanta. Allah ya shirye shi. Wani ƙyalli ne yake fara yi mini rawa a gefen ido, daga nan sai a kafa mini ƙusa a bayan idon hagu a yi ta dokawa. Haske ya zama abokin gaba, motsin cokali a kofin shayi ya koma maƙera, sai amai. Haka zan wuni, wani lokacin har washegari.

Da ya taso, Iya takan ajiye duk abin da take yi. Ta rufe ƙofa da taga, ta ɗora kaina a cinyarta, ta lulluɓe mu da laffayarta, ta jawo kasko ta zuba turaren da ko matan manya ba ta sayar wa.

"Kambun baka ne, 'yar nan. Shaƙi. Shaƙi sosai, ya fita."

In na yi nishi ta ƙara garwashi. In na yi amai ta ce ga shi nan yana fita, ta ƙara turare.

Ba abin da ba mu gwada ba. Wanzami ya kafa mini ƙaho a ƙeya har ya gaji. An yi mini lalas a gefen goshi, Iya ce ma ta riƙe kaina tana kuka ana ɗora ƙarfe mai zafi, tabon yana nan har yau. Na sha rubutu, an dama lalle an lafta mini a ka, na haɗiyi ƙwayoyin kasuwa kala-kala har cikina ya fara ƙuna. Inna Sadiye, ƙanwar Iya, ta ce duk wahalar banza ake yi, aure ne maganinsa. Aka yi auren da Bishara, direban babbar mota, mutumin kirki mai saurin baki. Ciwon ya biyo ni ɗaki tare da akwatuna. Dama gidan bai da nisa da namu, kuma Iya ba ta bari kaskona ya huce.

Bishara ne ya gaji da ganina a kwance, wata tafiya ya sa ni a gaban mota zuwa Injamena. A asibiti aka haɗa ni da wata likita 'yar kudu, Dakta Remaji. Ban gama zama ba ta ɗaga kai ta dube ni.

"Tun kina bakin ƙofa na san 'yar Wadai ce ta iso. Wannan turaren, kullum ne?"

"Kullum mana. Tsirara kike so in fito?"

Ta yi dariya, ta yi mini tambayoyi masu yawa, ta haska idona. Sannan ta ba ni magani iri biyu: ɗaya na kullum, ɗaya kuma in haɗiya da zarar ƙyallin ya fara, kada in jira ƙusar.

"Amma ki ji ni da kyau," in ji ta. "Kowane mai wannan ciwon da abin da yake tayar masa. Wani yunwa, wani rashin barci, wani ƙamshi. Ki ajiye turare tukuna, na jiki da na wuta, mu ga abin da zai faru."

Na fito ina tsaki. A raina na ce matar da take wuni cikin warin asibiti ce za ta koya wa 'yar Makka zancen turare. Amma wanda ya sha wuya ba ya raina magani. Na zauna a gidan yayar Bishara, na wanke kayana tas, na ba ta humrata. Damina ta shiga ta fita, kaina bai sara ba sai wata rana da na bi ta layin masu turare a kasuwa, shi ma ƙwayar ta kashe shi kafin la'asar. Abin da muka yi shekaru muna nema ya samu. Kowa yana ta yi mini barka, ni kuwa na shiga makewayi na yi kuka, don na san wanda aka kama da laifi.

A hanyar komawa na roƙi Bishara kada ya faɗa wa Iya. Ya rantse.

Muna sauka ta fito da gudu ba takalmi, ta rungume ni, ta tura fuskata cikin laffayarta. Wayyo, daɗin da na ji. Ba a gama zuba shayin farko ba ƙyallin ya fara. Na haɗiyi ƙwaya a ɓoye, amma ɗakin ya sha hayaƙi tun safe saboda zuwana, ƙwayar ta kasa. Iya ta ga na runtse ido, ta miƙe ta ɗauko kasko.

"Iya, don Allah a fita da kaskon nan," in ji Bishara. "Likita ta ce shi yake tayar mata da ciwon."

"Bishara," na ce, "bakinka ya fi motarka rashin birki."

Iya ta tsaya da kasko a hannu.

"Wace likitar? Turaren da in an ji shi ake yi wa Annabi salati? Kai yaro, ka san abin da kake faɗa kuwa? Ni na haife ta, ni zan cuce ta?"

"Ba haka nake nufi ba, Iya. Amma tun da ta bar shi ko sau..."

"Hapsita, gaskiya ne?"

Na gyaɗa kai. Ta daɗe tana kallona, ba idona take kallo ba, tabon lalas ɗin nan take kallo. Sai ta fita tsakar gida, na ji ta kwara wa garwashin ruwa. Tunda nake ban taɓa ganin ta kashe turare da ruwa ba, takan ce wulaƙanci ne. Ba ta dawo ɗakin ba. Ta zauna a bayan ƙofa, ina jin numfashinta, can sai ta ce, "Ya kan, 'yar nan?" Ranar ce farkon ranar da na yi ciwo Iya tana kusa, kaina a kan matashi.

Daga nan Iya ta fara gudu na. In na zo gaishe ta sai ta ja tabarmarta can gindin bango, mu yi ta ɗaga murya kamar masu ciniki. Ta yi wanka da sabulun wanki, ta sayi sabon yadi, ta matso a hankali tana kallon idona. Ba a jima ba na fara runtsewa, ta ja da baya. Abin da aka shafa tun kafin a haife ni ba ya fita a wanka ɗaya. Yana cikin fatarta, da kitsonta, da bangon ɗakinta.

Na ce mata ta bari, zan riƙa shan ƙwaya in zo.

"Ki sha ƙwaya don ki ga uwarki? Ni ciwo ce?"

Sai ta kwashe tukwanen sana'arta da kwalabenta kaf ta kai gidan Inna Sadiye. Ta sa aka cike ramin hayaƙi da ƙasa. Ta rabar da laffayoyinta, har da wadda ta je Hajji da ita. Ta tsefe kai ta daina shafa mai, ta sa aka kankare bangon ɗaki aka shafe shi da farar ƙasa. Na yi faɗa, Inna Sadiye ta yi faɗa, kamar da dutse muke magana. Matan unguwa kuwa suka samu abin yi. A wurin wani suna wata ta shinshina iska ta ce, "Makka, wa ya mutu kike takaba ba mu sani ba?"

"Ba wanda ya mutu," in ji Iya. "Bikon 'yata nake yi."

Suka yi dariya, ita ma ta yi. Amma Inna ta gaya mini cewa duk ranar da take soya farce, Iya takan zo ta tsaya a bayan katanga, inda hayaƙin ba zai kama mata kaya ba, tana kiran, "Sadiye, ya ƙone, sauke!" Sannan ta juya gida. Ta rame, hannunta ya rasa abin yi, ta fara zama shiru.

An fi shekara ana haka. Wata la'asar ta aiko a kira ni. Na same ta a ɗaki, cikin farin yadi, ta miƙe ƙafa.

"Zo ki shinshina."

Na durƙusa, na ɗora kaina a cinyarta. Muka jira. Aka kira magariba, kaina shiru. Iya ta fashe da dariya har da tafi.

"Na ci! Je ki gaya wa likitarki Makka ta fi ta iya magani."

Ta tsefe mini kai tana ba ni labarin unguwa. Ni kuwa zuciyata ta karye a wurin, don sabulu kawai nake ji. Da na rufe ido sai in ga kamar a cinyar wata baƙuwa nake. Na sami uwata, amma rabinta aka ba ni, kuma ita ta biya. Ban gaya mata ba. Na ci gaba da zuwa kullum, ina kwanciya, tana murna.

Ba mu daɗe muna cin wannan daɗin ba. Da bazara zazzaɓi ya kwantar da ita, kafin a ce me, wata safiya da hantsi ta cika.

Inna Sadiye da wata tsohuwa suka yi mata wanka. Ina zaune a tsakar gida cikin mata, ina jiran a kunna turare kamar yadda ake yi a kowane gidan rasuwa, in tashi in koma nesa. Shiru. Sai Inna ta leƙo ta yafito ni.

"Shigo ki yi wa uwarki sallama. Ba abin da zai same ki."

An naɗe ta cikin likkafani, saura fuska. Ɗakin ba ya ƙamshin komai sai ganyen magarya.

"Inna, ba a sa mata turare ba."

"Wasiyyarta ce. Ta ce ko ɗigo kada a sa. Ta ce in aka sa, Hapsita ba za ta iya zama kusa da ita ba."

Na dubi fuskar matar da ta ƙamsasa gawar kowa a unguwar nan, ga ta za ta tafi kamar wadda aka kora. Ba kuka ne kaɗai ya taso mini ba, har da fushi.

"Ina baƙar kwalbar?"

"Hapsita, ki ji tsoron Allah. Wasiyya fa."

"Don ni aka yi ta, na kuwa shigo, na zauna, na yi sallama. An cika mata. Ina kwalbar, Inna? Na san ba ki bar ta a gida ba."

Ta dubi gawar. Sannan ta sa hannu cikin laffayarta ta ciro ta, tana hawaye.

Na cire tsumman da haƙori. Na zuba mata a goshi, da tafin hannu, da ƙirji, na bi likkafanin har ƙafa, ban rage komai ba. Ƙamshin ya cika ɗakin ya fita. Na ji matan tsakar gida sun ɗauki salati, wata ta ce, "Wayyo Makka," sai kuka ya ɓarke ko'ina. Na kifa fuskata a kafaɗarta na shaƙa, na shaƙa sosai, yadda ta koya mini. Uwata ce, dukanta.

Ƙyallin ya fara tun kafin maza su shigo ɗaukarta. Ƙwayar tana ƙulle a bakin laffayata, ban kwance ba. Da suka fita da ita na rufe ƙofa da taga, na kwanta a inda aka ɗauke ta. Ciwon ya zo kamar yadda ya saba, ya kafa ƙusarsa, yana jira a ɗaga kaina a ɗora a cinya. Ni ma na jira.