Ruwan Kududdufin Gwaggo Dudu

Kullum da safe sai Mainasara ya kwashe matattun tarwaɗa daga tafkunan kiwonsa na Yelwa, jikinsu duk gyambo. Ya zuba magani har ya gaji, bakteriyar da ke cin kifin ko gezau. Sai ya zuba wa ƙanwarsa Zulai'atu ido, tunda ita ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje, kamar a aljihu take yawo da maganin.

Ita dai ta san bakteriya ma tana da mai kashe ta, wani irin bairas da ba ruwansa da mutum ko kifi, ita kaɗai yake shiga ya fasa. Ba a kuma samunsa sai inda bakteriyar ta taru, wato cikin ruwa mai ƙazanta. Wata biyu Zulai'atu na bin gaɓar tafkin Kainji da kwalabe, har masunta suka fara yi mata kallon mai taɓin hankali. Kwalba talatin, babu komai. Sai ruwan wani kududdufi a ƙauyen gwaggonta Dudu, kusa da Wara, inda mata ke zubar da hanjin kifi. Ta ɗiga shi kan bakteriyar a faranti, washegari wurin ya yi fes. Kafin ta yawaita abin, aka ɗauke wuta kwana huɗu, farantin ya lalace. Ranar har kuka ta yi don takaici.

Ga tafkin Kainji ya fara cikowa, kududdufin kuwa a bakinsa yake. A wurin aiki aka hana ta tafiya, don haka ta kira Gwaggo ta roƙe ta a ɗebo mata jarka guda.

Gwaggo da kanta ta kawo, jarkar a naɗe cikin sabon zane. Zulai'atu ta tsiyaya a kwalba. Ruwa garau, ko wari babu.

"Gwaggo, wannan na kududdufin ne kuwa?"

"Shi na, ɗiyata. Amma in kawo miki ƙazanta gaban abokan aikinki, su ce danginki shi su ka sha? Sai da nit tace shi, nis sa alif, sannan nit tahasa shi da kyau."

"Kududdufin fa?"

"Ai tun shekaranjiya ruwa ya shanye shi."

Zulai'atu ta san tafasawar ta kashe bairas ɗin. Haushi kamar ta yi jifa da kwalbar, to amma wa za ta jefa? Tsohuwa ce ta yi dakon jarka tun daga Wara, ga ta nan tana murmushi, tana jiran a yaba.

"Sannu da ƙoƙari, Gwaggo," ta ce.

Ta fita waje ta kira yayanta. Ya ɗauka da sauri, yana tambaya ko ruwan ya iso.

"Yaya, ka kwashe kifin da ke da sauran lafiya ka yi bandarsu," ta ce. "Kada ka ƙara jira na."