Bawul Ɗin Khalilu

Shekara goma sha tara Sha'aban yana duba tsohuwar Fijo ta Malam Abdulrashid, a ƙarƙashin darbejiyar da ya mayar gareji a ƙauyensu, kusa da Tsanyawa. Motar ta girmi makanikin nata, amma har yanzu ita ke kai gyaɗar Malam kasuwar Bici. Abu ɗaya ne ya gagari Sha'aban. Duk inda aka ajiye ta sai ta ɗigar da baƙin mai, warin kuma ya cika ciki, har Hajiya Tahira, matar Malam, ta ce ta daina shigarta. Sha'aban ya canza gasket, abin da ke toshe mahaɗar inji, ya fi a ƙirga, ɗigon bai tsaya ba.

Ana cikin kaka ƙanen Sha'aban, Khalilu, ya zo gida daga Kano, inda yake gyaran motocin zamani. Ya leƙa injin sau ɗaya, ya ce ai numfashi ne ba ta samu. Tururin da ke taruwa a cikin inji ba shi da mafita, domin tsohon bututun ya toshe, shi ya sa yake tunkuɗo mai ta ko'ina. Akwai wani ɗan bawul da za a sa, ya riƙa mayar wa inji tururin ya ƙone shi.

A gaban Sha'aban ya faɗi wannan, a gabansa kuma Malam ya amince, ko waiwayarsa bai yi ba.

Ranar Laraba Khalilu ya kawo bawul ɗin, ɗan abu bai wuce babban yatsa ba. Ya cire murfin inji ya huda, ya cusa roba, ya zaunar da bawul, ya ja tiyo zuwa gindin kafireta, inda mai ke haɗuwa da iska. Sha'aban na tsaye yana miƙa masa sifana a garejin da ya kafa da hannunsa. Masu dawowa daga yankan gero suka tsaya kallo, wani ya ce lallai zaman birni ya yi rana. Sha'aban ne fa ya koya wa Khalilu kwance fulogi.

Malam ya tafi sallar azahar, aka tayar da mota. Ta kama, ta yi ta karkarwa, ta mutu. Aka sake, ta sake mutuwa. Khalilu ya taɓa tiyo, ya zare bawul ya girgiza, ya mayar. Gumi ya jiƙa masa riga.

Sha'aban ya san matsalar tun karkarwar farko. Iska ce ta ƙaru ta sabuwar hanyar, sai a ƙara wa kafireta mai kaɗan. Khalilu kuwa bai saba da kafireta ba, motocinsa na kwamfuta ne. Sha'aban ya naɗe hannu, wani sanyin daɗi yana ratsa shi wanda shi kansa ya ji kunyarsa. Ya bar shi har 'yan kallo suka fara watsewa.

Daga ƙarshe Khalilu ya ɗago, ya ce a hankali, "Yaya, me ka gani?"

Sha'aban ya ɗauki sukundireba, ya murɗa wani ɗan noti rabin zagaye, ya kasa kunne, ya ƙara kaɗan. Injin ya kwanta lif. Daidai nan Malam ya iso, carbi a hannu, ya saurara, ya shiga sa wa Khalilu albarka. Khalilu ya ce ai Yaya ne ya daidaita ta, Malam ya yi dariya ya ce kunya ce irin ta ƙanne.

Ɗigon ya tsaya cak. Sati biyu Sha'aban yana sunkuyawa ƙarƙashin motar duk inda ya gan ta, yana neman ko da ɗigo ɗaya, ƙasa a bushe.

Wata safiya Malam ya zo neman lambar Khalilu, wai wani amininsa a Bagwai yana da tsohuwar mota mai irin wannan ciwo. Sha'aban ya ce wayarsa ba caji. Malam ya ce ba komai, ya juya. Ya kusa kaiwa bakin titi, Sha'aban ya ajiye tsumman hannunsa ya kira shi.

"Malam, dawo ka rubuta. Na haddace ta."