Kwari a Gefen Kabarin Ungozoma

Daminar bana ta zo da ƙarfi, kwarin da ke bayan tsohuwar maƙabarta ya ƙara cin ƙasa. A nan manyan garin suke kwance: Alƙali wanda ya taɓa yanke wa ƙanensa hukunci bai ko ƙifta ido ba, da Malamin da ya buɗe makarantar farko a zauren gidansa, da Ungozoma, wadda rabin tsofaffin garin a hannunta suka fara kuka.

Tela shi ne autan Ungozoma. Yana kan keken ɗinki yayarsa ta shigo shago, ko sallama babu.

"Kana nan kana ta kar-kar-kar, an ce katangar da za a gina don tare ruwa daga wajen Alƙali za ta tsaya. Gefen Inna an bar wa ruwa."

"Wa ya ce?"

"Wa kuwa, in ba ɗan Alƙali ba? Shi ne shugaban kwamitin aikin."

Tela ya san tsohon zancen. Matar Alƙali ta rasu wajen haihuwa a hannun Inna, daga nan aka yi shekaru ana rufe mata ƙofa ana nuna ta da baki. Sai da ta tsufa mutane suka dawo suna girmama ta. Jaririn da ya rayu ran nan shi ne wannan ɗan Alƙalin, yanzu ya zama dattijo.

A bakin kwarin ya same shi, yana dogare da sanda.

"Baba, ramuwa ce? Matar da ta mutu ma ba za a ƙyale ta ba?"

Dattijon ya nuna ƙasan ramin da sandarsa, inda jan ruwa ke gudu.

"Ka ga wajen saiwar can? Nan uwata take, har bara da ruwa ya tafi da ita. Ban san fuskarta ba, kabarin kawai na sani. Injiniya ya ce gefen nan ba zai riƙe gini ba, na roƙe shi har na gaji. Uwarka kuwa ita ta busa min numfashi a baki."

Kunya ta rufe Tela, ya rasa inda zai sa idonsa.

Washegari ya rufe shago, ya ɗinka buhuna, shi da 'ya'yan yayarsa suka cika su da yashi. Dattijon ma ya zo, ba ya iya ɗauka, sai riƙe bakin buhu.

Buhunan sun tare ruwa biyu. Na ukun ya sauko da la'asar, ya tafi da su, ya haɗa da gefen kabarin. Yaya ta durƙusa a cikin laka tana kiran Inna kamar za ta amsa. Tela ya kama kafaɗarta ya ɗaga ta, dattijon na bayansu yana addu'a, hadari kuma yana sake haɗuwa daga gabas.